Ta dawo gida, amma hankalinta na daji

Ƴan uwa mata, tun wajen 2019 ƙauyukanmu na bakin iyaka, irin su Gabi da Safo, suke fama da ƴan bindiga. In an biya kuɗin fansa mace ta dawo, sai mu je barka, mu ce Allah ya kiyaye gaba, shi ke nan. To, a cikin ɗakinta ba a gama ba.

Barci ya ƙi. Ƙarar moto kaɗai ta isa ta sa jikinta rawa. Maigida ya matso, ta ja baya. Shi kuma ya ɗauka ƙi ne, ko ya riƙa zargin abin da bai iya tambaya. Daga nan sai yaji, wani lokaci har saki. Mukan ce iskoki ne. Ma'aikatan lafiya sun ce firgici ne da ya zauna a zuciya, kuma in ya wuce wata guda bai lafa ba, a nemi taimako.

Maganin, yawancinsa magana ce. Mace ta zauna da wanda ya karanci halayyar ɗan Adam, su biyu, cikin sirri, mako bayan mako. Ba a tilasta mata ta faɗi komai rana ɗaya. A koya mata yadda za ta kwantar da numfashi in tsoron ya taso. Sai ta yarda a kira mijin, kowa ya faɗi nasa ba a katse shi ba. Mazan ma fa suna ɗauke da nasu ciwon: wanda aka tafi da matarsa a gabansa, kunya ke cin shi. Amma gidan da ake duka, a fara da tsare lafiyarta tukuna. Wannan bai hana addu'a ba, a haɗa duka.

Mu Mata Masu Dubara, tun 1991 aka san mu da riƙon amanar kuɗi a jihar Maraɗi. Amanar baki ce ke ba mu wuya; labari ɗaya ya fita daga taro, ba ta ƙara buɗe baki. A zaɓi mace biyu masu riƙe sirri su raka ta likita, ko a CSI ko asibitin Madarumfa, su tambayi inda ake duba irin wannan. Kuɗin mota a cire cikin asusun taimako, ba bashi ba. In kuwa ta ambaci kashe kanta, a kai ta ranar nan, kar a jira ranar zubi.