Kyamara mai awon nisa da adana tarihin makaɗan Nguru da Gashuwa

Tun daga shekarar 1930, lokacin da layin dogo ya iso Nguru daga Kano, garin ya zama matattarar fatake masu cinikin gyaɗa da ƙaro da fatu da bandar kifi. Gashuwa kuwa, hedikwatar masarautar Bade, tana bakin kogin Yobe ne, inda jama'a suka dogara ga su da noman rani. A garuruwan biyu, an saba jin amon ganga da algaita a bukukuwa da hawan salla.

Sai dai al'amura suna sauyawa. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa da ta biyo baya a 1992, sun rage ruwan da ke malala cikin dausayin Haɗeja da Nguru, ciyawar kacalla ta toshe magudanai da yawa, na'urorin sauti kuma suna maye gurbin makaɗa a gidajen biki. Wannan ne ya sa hoton masunci bisa gora, ko na makaɗi a bakin kasuwa, ya zama shaidar tarihi, ko da mai ɗaukarsa don sha'awa kawai ya yi.

Daga cikin kayan aikin da suka dace da wannan hidima akwai kyamara mai awon nisa. Tagogi biyu gare ta a gaba, kowace tana hango abu daga kusurwa daban. Idan mai ɗauka ya leƙa, zai ga surar mutum ta rabu biyu a wani ɗan fili da ke tsakiya. Sai ya riƙa murɗa zoben gilashin har surorin su haɗe, alamar cewa an sami nisan daidai.

Kamfanin Leitz na Jamus ya fito da Leica II mai wannan tsari a 1932, sannan Leica M3 a 1954. An kuma sami masu sauƙin kuɗi, irin su Zorki ta Tarayyar Sobiyet, da Canonet da Yashica Electro 35 na Japan.

Fifikonta shi ne ba ta da madubin da ke ɗagawa a ciki, don haka ƙarama ce, ba ta da ƙara. Mai goge ko mai kukuma zai ci gaba da waƙarsa ba tare da hankalinsa ya rabu ba. Tagar leƙen kuma ba ta rufewa sa'ad da aka danna, saboda haka ido na iya bin hannun mai kalangu har ya sauka kan fata. Rauninta shi ne ba ta jawo abin da ke nesa sosai, dole mai hoto ya matso cikin mutane.

Hasken yankin ma sai an lura da shi. Ranar tsaka tana jefa inuwar hula ko rawani a kan idanu, farar riga kuma takan ruɗi ma'aunin haske har fuska ta fito da duhu. Shi ya sa sanyin safiya da bayan la'asar suka fi dacewa. Ƙurar hunturu tana karce gilashi, zafin bazara yana lalata fim, don haka ba a barin su cikin mota ko a rana. Fim ɗin kansa hoto 24 ko 36 yake ɗauka, samunsa da wanke shi kuma sun yi wuya, abin da ke tilasta wa mai ɗauka yin tunani kafin ya danna.

Matsowa kusa kuwa tana da sharaɗi. Gaisuwa da neman izini ne kan gaba, musamman inda mata suke. Makaɗi da sana'arsa yake ci, don haka ya cancanci kyauta kamar yadda kowane mai sauraro zai yi masa, ya kuma cancanci a kawo masa kwafin hotonsa.

Saura rubutu. Littafin da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa yana da amfani har yau domin sun rubuta sunan kowane kayan kiɗa da wurin da ake amfani da shi. Haka hoto yake: idan babu sunan makaɗi da garinsa da ranar da aka ɗauka, bayan shekara talatin ba mai iya cewa ko wane ne. Hoton waya yakan tafi tare da wayar idan ta ɓata, amma fim da aka wanke aka ajiye a busasshen wuri mai sanyi, da bayaninsa a jikin ambulan, yana iya kaiwa ga jikokin makaɗin.