Moton Fanka Ba Zai Yi Maka Sassaƙa Ba

Yau da matasanmu masu ƙere-ƙere nake, na Ƙafin Maiyaki har zuwa Tudun Wada da Doguwa, musamman masu son haɗa ƙaramin injin da kwamfuta za ta riƙa juya shi yana sassaƙa ado a katako ko rubuta allon shago.

Kafin ka kashe kuɗinka a Sabon Gari, ka san wannan: moton fanka ko na famfon ruwa gudu kawai ya iya. Ka ce ya matsa milimita 3 ya tsaya, bai san zancen ba. Wanda kake buƙata shi ne moto mai taku, wanda ake kira sitefa. Yawancinsu taku 200 suke yi kafin su zagaya sau ɗaya, wato digiri 1.8 kowane taku. Ɗaura shi a rodi mai tiredi na M8, wanda kowane zagaye ke tura noti milimita 1.25, ka ga taku 160 ya ba ka milimita ɗaya ke nan. Ana samun irinsa a cikin tsofaffin firinta da injin fotokwafi, sabo kuma ka tambayi NEMA 17. Sai Arduino Uno, da direba A4988 ga kowane moto, da manhajar GRBL wadda kyauta ce.

To amma fa ga inda gizo ke saƙar. Sitefa ba ya kawo rahoto. Arduino ya ƙirga taku dubu, shi kuwa in katakon ya yi masa tauri ko ka matsa masa gudu, sai ya tsallake ashirin, babu wanda ya sani. Daga nan duk sauran zanen ya goce, katakon mutane ya tafi, kai za ka biya. Maganin shi ne rage gudu, yanka kaɗan-kaɗan, da sa wa direban ƙarfen sanyaya, don in ya yi zafi yankewa yake. Noti ma in ya yi sako-sako, duk juyowa baya sai ya ci maka wani abu. Sa noti biyu da sifirin a tsakani.

Wasu za su ce moton waifa na Ƙofar Ruwa ya fi ƙarfi. Gaskiya ne, ga shi da batir mai bolt 12 yake aiki. Sai dai dole ka ƙara masa na'urar ƙirga juyi da za ta riƙa gaya wa Arduino inda ya kai, kuma GRBL ba ta tuƙa shi kai tsaye. Ni dai ban ba mai farawa shawarar nan ba.

In ka gama haɗawa, gwada kafin ka karɓi aikin kowa: umarce shi ya tafi milimita 100 ya dawo, sau goma, ka duba ko ya tsaya daidai kan alamar fensir ɗin da ya taso.