Renon Maraya Mai Tsagaggen Leɓe

Yau ina so in ba ku labarin wani abu da na gani da idona a unguwarmu ta Kudenda, nan ƙetaren kogin Kaduna, domin na tabbata akwai irinsa a ɓoye cikin ɗakuna da yawa.

Bara da damina wata yarinya 'yar aji shida ta yi mako biyu ba ta zo makaranta ba, alhali kuwa ba halinta ba ne. Ran nan da aka tashi sai na bi ta gidansu. Ashe yayarta ce ta haihu, jini ya ɓalle mata, kwana uku Allah Ya yi mata rasuwa. Mijin kuwa ya riga ta tun cikin yana wata biyar. Aka bar tsohuwa da jariri, ita kuma yarinyar aka tsare ta a gida tana taya reno.

Bayan na yi ta'aziyya na ce a miƙo mini yaron. Tsohuwar ta yi jim, sa'an nan ta yaye zanen da aka lulluɓe shi da shi. Leɓensa na sama a tsage yake ta gefen hagu har cikin hanci. Da ya buɗe baki zai yi kuka, sai na ga ganɗarsa ma, watau rufin bakin nan na sama, a buɗe take. Amma ba tsagar ce ta tayar mini da hankali ba, ramarsa ce. Fatar cinyarsa duk ta yi tattara, kukan ma da ƙyar yake fita. A kwance ake ɗura masa ruwan sukari da tsinkakken koko, rabi ya koma ta hanci.

Ta ce, “Malama, ai wannan ba mai zama ba ne. Jiran lokaci kawai muke yi.”

Na ce, “Haba Inna, wa ya gaya miki? Ana ɗinke wannan, kuma kyauta.”

Ta dube ni kamar mai zolayarta, domin wani mai kemis ya riga ya gaya musu wai sai sun sayar da gida.

To, bari mu fara da asalin abin. Fuskar ɗa a cikin ciki ɓangare ɓangare take tahowa, daga dama da hagu da sama, su haɗu a tsakiya su manne. Leɓe yana haɗuwa tsakanin mako na 4 da na 7 da shigar ciki, ganɗa kuma tsakanin mako na 6 da na 9. In wani wuri bai manne ba, shi ne ake haihuwar yaro da tsaga, ko a leɓe kaɗai, ko a ganɗa kaɗai, ko duka biyu. Kun ga ke nan abin yana aukuwa tun mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Saboda haka zancen wai ta fita da tsakar rana ta gamu da iska, ko ta yi wa wani dariya, ko maye ya kama kurwar ɗan, duk ɗora wa uwa laifi ne a banza. Likitoci sun san akwai gado a ciki, sun kuma san shan taba da ciwon sukari da waɗansu magungunan farfaɗiya suna ƙara yiwuwarsa, amma sau da yawa ba a gano wani dalili. A duniya, cikin kowace haihuwa 700 akan sami kamar ɗaya mai wannan tsaga. Akwai shi a Ingila, akwai shi a Makka.

Aikin ɗinkin kuwa ba baƙo ba ne a garin nan. Sashen aikin fuska da muƙamuƙi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe a cikin Kaduna kafin asibitin ya tare a mazauninsa na Shika a 2005. Tun a 1985 Farfesa Adekeye na wannan sashe da wani abokin aikinsa suka buga bayani suna kwatanta yara da manya masu wannan tsaga. Ku lura da kalmar manya, watau akwai waɗanda suka girma har suka yi gemu da tsagarsu, don ba wanda ya kai su tun suna goye. Daga baya aka sami ƙungiyar taimako mai suna Smile Train, wadda aka kafa a Amurka a 1999. Dabararta ita ce ta horar da likitocinmu na gida, ta kuma biya kuɗin aikin a asibitocin da ta yi yarjejeniya da su a jihohi daban daban. Duk wadda ke da irin wannan yaro, ta je babban asibiti, kamar Barau Dikko ko Shika, ta tambayi inda ake yin aikin kyauta mafi kusa da ita.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Likita ba zai sa wa ramammen jariri maganin barci ba. Akwai tsohuwar ƙa'ida da suke bi: yaro ya kai mako 10, nauyinsa ya kai kilo 4 da rabi ko fiye, jininsa kuma ya isa. Galibi akan ɗinke leɓe tsakanin wata 3 da wata 6. Ranar da muka kai yaron aka ɗora shi a sikeli, bai kai kilo 2 da rabi ba. Sista ta ce mu koma mu yi kiwonsa, mu riƙa kawo shi awo. Ƙungiya za ta biya kuɗin ɗinki, amma ba za ta tashi ƙarfe biyun dare ta ba shi madara ba. Wannan wata uku zuwa biyar ɗin su ne ke cinye marayu.

Me ya sa ba ya iya tsotso? Ki ɗauki bututun robar da ake shan lemo da shi, ki tsaga gefensa, ki gwada zuƙa. Iska za ki yi ta sha. Haka yaro mai buɗaɗɗiyar ganɗa yake: ya yi ta wahala a kan nono har ya gaji ya yi barci, a ɗauka ya ƙoshi, alhali cikinsa iska ce. Mai tsagar leɓe kaɗai yakan iya kama nono in an toshe gurbin da yatsa ko da tsokar maman. Mai ganɗa kuwa sai an taimake shi.

Ga yadda aka koya mana. A zaunar da shi a cinya, kansa a sama, kada a ba shi a kwance ko kusa, don kada madara ta bi hanyar numfashi ta sauka a huhu ta jawo ciwon haƙarƙari. A zuba madarar a ƙaramin kofi mai tsabta, a kafa bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har madarar ta taɓa leɓen, a bar shi ya lasa da kansa. Ba ɗura ake yi ba. In ta fito ta hanci kada a firgita, a dakata, a share, a ci gaba. A riƙa tsayawa ana ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa. Kowane sa'a biyu zuwa uku a ba shi, dare da rana, kuma kada zama ɗaya ya wuce rabin sa'a, in ba haka ba ƙarfin da ya kashe ya fi abin da ya sha. Akwai kwalabe na musamman masu laushi da ake matsawa, waɗansu asibitoci suna bayarwa, amma kofi ya fi sauƙin wankewa. Koko da kunu da madarar shanu kuwa a ajiye su, cikin jaririn da bai kai wata 6 ba bai isa ya ɗauke su ba.

Saura batun abin da za a zuba a kofin, tun da uwa ba ta. Madarar gwangwani tana da tsada. Jariri yakan sha wajen kilo 20 na garin a wata shida na farko, watau gwangwani 50 masu giram 400. Ina tsohuwa mai sayar da ƙuli za ta samo wannan? Abin da talauci ke sa a yi shi ne a tsinka madarar da ruwa don ta daɗe, yaro ya yi ta sha yana ramewa. Mu dai abin da ya cece mu shi ne wata maƙwabciya mai goyon wata biyu da ta yarda ta riƙa tatsar nononta safe da yamma. An fara gwada jininta a asibiti tukuna, wannan kuwa wajibi ne saboda cututtukan da ke bin nono. Ba sabon abu ta yi ba: Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da maraici ya tashi, kuma Halimatu Sa'adiyya ce ta shayar da shi. Sai dai a sanar da dangi, a kuma rubuta, domin a Musulunci shayarwa tana haramta aure tsakanin yaran. Ragowar kuwa matan Islamiyyarmu da 'yan Zumuntar Mata na cocin da ke bayan layin suka raba a tsakaninsu, kowane mako da mai sayen gwangwani. Ban taɓa ganin adashin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Dole in yaba wa wanzamin gidan. Da aka kira shi cire beli, yana buɗe bakin yaron ya mayar da askarsa cikin zabira, ya ce wannan aikin asibiti ne. Da ma duk wanzamai haka suke. Ƙarfe kada ya kusanci bakin irin wannan yaro.

Yana wata biyar ya haye kilo 5, aka ɗinke leɓen. Kwana kaɗan aka sallamo su. Tsohuwa ta goya shi ba lulluɓi, ta bi gida gida tana nuna shi.

Sai dai kada a ga leɓe ya yi kyau a ce an gama. Nan ne iyaye da yawa ke ɓacewa, don ganɗa a ciki take, ba mai ganinta. Ita akan ɗinke ta tsakanin wata 9 da wata 18, kafin yaro ya kafa harshe a magana. In an bari ya girma, maganarsa ta hanci za ta riƙa fita, gyaranta kuwa sai an sha wuya. Irin waɗannan yara kuma ruwa yakan taru musu a cikin kunne har ji ya ragu. Mu a Kaduna mun yi sa'a, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a garinmu take, sai a kai shi a duba.

Ku kuma 'yan mata na makaranta, ina da magana da ku. In akwai mai tabo a leɓe ko mai magana ta hanci a ajinku, ku bar sa mata suna, ku bar kwaikwayonta. Na ga yarinyar da ta san amsa sarai amma ba ta ɗaga hannu saboda dariyarku. In kuma an haifi irin wannan jariri a gidanku ko maƙwabta, ku ne masu karatu, ku karanta wa iyayenku wannan shafi. Ɗalibata ita ta riƙe katin awon yaron, ita ke rubuta nauyinsa a bayan littafin lissafinta, ta kuma koma aji tun da aka raba aikin renon.

Yanzu yaron yana wata goma sha ɗaya, yana rarrafe, ya fitar da haƙora huɗu. An ba su ranar komawa ɗinkin ganɗa a wata mai kamawa, kuɗin mota kuma yana ƙulle a hannun maƙwabciyar da ta shayar da shi.