Bakita, yarinya mai tabo 114

A Guci, kamar sauran garuruwan Magarya da Dungas, in an haifi jariri, ranar suna wanzami yakan zo da zabirarsa ya yi masa aski. A da, a gidaje da yawa, yakan kuma yi masa tsagar gidansu a kumatu, ya shafa baƙin tukunya don ta fito sosai. Jariri ya yi kuka, uwa ta rarrashe shi, bayan ƴan kwanaki miki ya warke. Wannan tsaga shaida ce. Tana nuna dangin mutum da garinsu. Tsofaffi sukan ce a zamanin yaƙe-yaƙe, in an kama yaro, da tsagarsa ake gane ko ɗan ina ne, har danginsa su je su fanso shi.

Akwai wata irin tsaga wadda ba ta gida ba ce. Ita ce wadda mai bawa yake yi wa bawansa, kamar yadda makiyayi yake yi wa raƙuminsa lamba. Irin wannan aka yi wa wata yarinya ta ƙasar Sudan. Yau Kiristoci da yawa a duniya sun san labarinta. Sunanta Bakita.

Yadda aka sace ta

An haifi Bakita wajen shekarar 1869 a wani ƙauye da ake kira Olgosa, cikin Darfur, ba nisa da garin Nyala. Darfur ba baƙuwar ƙasa ba ce ga mutanen Damagaram. Kafin zuwan jirgin sama, ta nan alhazai suke bi da ƙafa ko bisa jaki, su ratsa Barno da Wadai da Darfur, su kai Hartum, su gangara Sawakin bakin Bahar Maliya. Waɗansu ba su komo ba, suka zauna can. Shi ya sa har yanzu akwai Hausawa da yawa a Sudan, kamar a garin Mai Wurno.

Iyayenta mutanen ƙabilar Daju ne, manoma masu dabbobi. Ɗan'uwan mahaifinta shi ne mai gari. Ba su Musulmi ba ne, ba su Kirista ba ne, addinin gargajiya suke bi. Tana ƙarama ƙwarai maharan bayi suka sace yayarta. Ita ma, tana da wajen shekara 8, wata rana ta fita bayan gari tare da ƙawarta, sai ga mutum 2 da makamai. Suka sallami ƙawar, suka tasa ta gaba.

Tsoro ya kama ta har ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata, ba ta kuwa sake tuna shi ba har mutuwarta. Waɗanda suka sace ta suka sa mata Bakita. Da Larabci ma'anarsa mai sa'a. Suna ke nan na ba'a ga yarinyar da aka raba da uwarta. Aka kora ta da ƙafa, ba takalmi, fiye da kilomita 900, har birnin El-Obeid. A hanya ta taɓa gudu tare da wata yarinya, suka kwana a daji. Wani mutum ya gamu da su, ya yi musu daɗin baki, ya kai su gidansa, ya sayar da su.

Kada a ce wannan labarin nesa ne. A zamanin nan ɗaya, lokacin Sarki Tanimun, birnin Damagaram babbar kasuwar bayi ce, ayari yana kwasarsu zuwa Tarabulus. Kafin Bakita ma an kama wani yaro, Dorugu, ɗan Dambanas kusa da Kance, aka kai shi Kukawa. Shi ya yi sa'a wani Bajamushe ya ƴanta shi. Ya bi Barth, wanda ake ce wa Abdulkarim, har Tumbutu, suka je Ingila a 1855. Can aka yi masa baftisma, ya taimaki wani malamin mishan, Schön, wajen rubuta Hausa da fassara sassan Littafi Mai Tsarki. Ya komo, ya rasu a Kano a 1912.

Gari da gishiri da aska

A El-Obeid wani attajiri ya saye ta don ta yi wa ƴaƴansa mata aiki. Wata rana ta yi laifi ga ɗan mai gidan. Ya yi ta dukanta da shuri har ta yi fiye da wata guda a kwance. Daga nan aka sayar da ita ga wani janar na sojan Turkawa, masu riƙe da Sudan a lokacin. Nan ta fi shan wuya. Uwargida da surukar janar ba su da tausayi, bulala kusan kullum, kafin wani miki ya warke an buɗe wani.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne ranar tsaga. Uwargida ta kira wata mata wadda wannan ce sana'arta. Matar ta zo da abu 3: kwanon farin gari, da kwanon gishiri, da aska. Aka kwantar da Bakita, aka danne ta. Matar ta zana mata zane a jiki da garin, sa'an nan ta bi zanen da aska. Ta yanka 6 a ƙirji, 60 a ciki, 48 a hannun dama. Duka 114 ke nan. Uwargida tana tsaye da bulala tana kallo.

Me ya kawo gishiri? Miki in an bar shi da tsabta, bakinsa biyu sukan haɗe, ya warke da ɗan siririn tabo. In an cusa masa gishiri kuwa, ba ya haɗewa da wuri. Yakan daɗe a buɗe, nama ya tsiro a ciki, tabo ya fito da kauri, ya taso bisa fata. Abin da ake so ke nan, don zanen ya zauna har abada. Duk wanda ya taɓa yanke yatsa da lauje, gumi ya shiga wurin, ya san zafin ɗan gishiri kaɗan. To, wannan gishiri ne da hannu, cikin yanka 114. Ta yi wajen wata guda a bisa tabarma, ba ta iya motsi, ba ko tsumma na share jini. Daga baya ta faɗa cewa ta zaci mutuwa za ta yi.

A wannan lokaci ba wanda ya taɓa koya mata addu'a. Amma ta ba da labari cewa tun tana ƙarama takan dubi rana da wata da taurari, ta tambayi kanta wane ne mai waɗannan abubuwa masu kyau. Takan ji tana son ta san shi, ta gaishe shi. Tambayar nan ta zauna cikin zuciyarta shekara da shekaru ba amsa.

Daga Hartum zuwa Venis

A 1882 yaƙin Mahadi ya matso El-Obeid. Janar ya kwashe iyalinsa ya tashi. A 1883, a Hartum, ya sayar da Bakita ga wakilin ƙasar Italiya, Kalisto Lenyani. Wannan ne gida na farko da ba a duke ta ba. Da yaƙi ya kusato Hartum, mutumin ya yi shirin komawa gida, ita da kanta ta roƙe shi ya tafi da ita. Suka bi ta Sawakin, suka shiga jirgin ruwa a 1885.

A Italiya aka ba da ita ga iyalin Mikiyeli, ta zama mai renon ƴarsu. Ba a dukanta, amma ba ta da ikon kanta, kyauta aka yi da ita kamar tunkiya. Mai lura da dukiyar gidan, Iluminato Kekini, mutumin kirki ne. Shi ya ba ta ƙaramin gicciye na azurfa, ya gaya mata labarin Yesu Almasihu. A 1888 uwargida ta tafi Sawakin wurin mijinta, ta bar Bakita da yarinyar a Venis, a gidan waɗansu mata Katolika masu zaman ibada, waɗanda ake ce wa sista.

Abin da ta gani a gicciye

A nan ya kamata a yi bayani, don a gane abin da ya kama zuciyarta. Musulmi suna girmama Annabi Isa, amma ba su yarda an gicciye shi ba. Kiristoci kuwa sun gaskata cewa an sayar da Yesu da kuɗin azurfa 30, an yi masa bulala, an kafa shi bisa gicciye, ya mutu, ya tashi a rana ta 3. Sun gaskata ya tashi da tabon ƙusoshi a hannuwansa, ya nuna wa almajiransa. Sun gaskata kuma yana bisa gicciye ya roƙa wa masu azabtar da shi gafara.

Yaron da ya tashi cikin gata zai ji wannan labari kamar kowane labari. Bakita ba haka ta ji shi ba. An sayar da ita, an yi mata bulala, ga tabo a jikinta. Sai ta ga ashe wanda ake gaya mata ya san abin da ta sani.

A harshen mutanen Venis, mai gida ko mai bawa shi ne Paron. Da wannan kalma ta riƙa kiran Allah har ƙarshen ranta. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, don kalmar Ubangiji ma haka take: uban gida ke nan, mai abu. Ta yi iyayengiji da yawa masu sayenta da sayar da ita. Yanzu ta ce ta sami wanda yake bisa dukansu, wanda kuma yake ƙaunarta.

Wannan bangaskiya ba ta mai da ita raguwa ba. A 1889 uwargida ta komo don ta tafi da ita Sudan. Bakita, wadda ba ta taɓa ce wa mai ita a'a ba, ta ce ba za ta ba. Kwana 3 ana lallashi ana tsoratarwa, ta tsaya bisa maganarta. Magana ta kai gaban hukuma. Ran 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, saboda haka Bakita ƴa ce, ta zauna inda take so. Ran 9 ga Janairu 1890 aka yi mata baftisma, aka sa mata Josefina. Ran 8 ga Disamba 1896 ta yi alkawarin zama sista.

Mai tsaron ƙofa

A 1902 aka kai ta garin Skiyo, a arewacin Italiya. Nan ta yi yawancin sauran ranta. Aikinta ba mai girma ba ne a idon mutane: dafa abinci, ɗinki, gyaran ɗakin ibada, tsaron ƙofa. Yara ƴan lakwal suna wucewa ta wurinta kowace safiya, ta ɗora musu hannu a kai. Da farko waɗansu sun ji tsoronta, don ba su taɓa ganin baƙar fata ba. Daga baya garin duka ya riƙa kiranta uwa. A 1931 aka buga labarin rayuwarta, aka yi ta yawo da ita gari gari don mutane su gan ta. Ba ta son wannan yawo, biyayya kawai ta yi.

An taɓa tambayarta abin da za ta yi in ta gamu da waɗanda suka sace ta. Ta ce za ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu, don ta hanyarsu ta kai ga sanin Almasihu. Maganar tana da nauyi, ba kowa zai iya haɗiye ta ba. Tana tuna wa mutum labarin Yusufu, wanda ƴan'uwansa suka sayar, daga baya ya yafe musu a Masar. Labarinsa yana cikin littafin Farawa, yana kuma cikin sura ta 12 ta Alƙur'ani. Amma yafewar wanda aka zalunta ba ta wanke zalunci. Faransa ta hana cinikin bayi a ƙasashen nan da dokar 1905. Nijar kuma ta yi doka a 2003 wadda ta sa bautar da mutum ya zama babban laifi mai kai mutum kurkuku.

Yafewa ba ta share ciwo ba kuma. Da ta tsufa, rashin lafiya ya kwantar da ita, sai a keken marasa lafiya ake tura ta. Masu jinyarta sun faɗa cewa a kwanakinta na ƙarshe, cikin zafin ciwo, hankalinta ya koma zamanin bauta, tana roƙo a sassauta mata sarƙa, ta yi nauyi. Shekara fiye da 50 ke nan da samun ƴancinta. Ta rasu ran 8 ga Fabrairu 1947.

Kiristoci a Nijar kaɗan ne, bisa ƙidayar 2012 ba su kai 1 cikin 100 ba. Waɗansu Katolika ne. Waɗansu sun fito daga aikin mishan ta SIM, wadda ta fara zama a Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Masu jin Hausa cikinsu suna iya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa in sun so, don an gama fassara shi tun 1932. Katolika ne suke da al'adar sa mutum cikin waliyyai. Ran 1 ga Oktoba 2000 Fafaroma John Paul na 2 ya sa Bakita cikinsu. Tun 2015, ranar rasuwarta ta zama ranar da Katolika suke addu'a domin mutanen da ake fataucinsu. Tana faɗowa cikin sanyin hunturu, lokacin da samarin Guci da yawa suka tafi cin rani.