Shin Ko Kun San? Ciwon Agarar da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa

Shin ko kun san cewa agara, wato jijiyar da ta haɗa tsokar sharaɓa da ƙashin dunduniya, ita ce mafi kauri da ƙarfi a cikin jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi?

• Ciwon ya fi kama santimita 2 zuwa 6 sama da dunduniya, inda jini bai cika gudana ba, shi ya sa yake jinkirin warkewa. Alamarsa ita ce sagewar ƙafa da asuba, mutum ya sauko daga gado yana ɗingishi, sai ya ɗan taka kafin ta saki.

• Kwanciya ba ta warkar da shi. A 1998, likita Hakan Alfredson na ƙasar Suwidin ya sa masu wasanni 15 da ke fama da ciwon wani atisaye: a tsaya a bakin matakala, a ɗaga jiki bisa yatsu, sannan a sauke dunduniyar mai ciwo a hankali. Sau 180 kullum, wani lokaci gwiwa a miƙe, wani lokaci a ɗan lanƙwashe, har mako 12. Dukkansu sun koma gudu.

• Idan ciwon yana daidai inda agara ta manne da ƙashi, ba a barin dunduniya ta sauka ƙasa da matakala. A ƙasa mai shimfiɗe ake yin atisayen.

• Allurar sitiroyid kan kwantar da zogi na ɗan lokaci, amma tana iya raunana jijiyar.

• Allurar da ake haɗawa daga jinin majinyaci kuwa, gwajin da aka yi wa mutum 240 a Birtaniya, aka wallafa a 2021, ya nuna ba ta fi allurar bogi amfani ba.

• Tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi cewa ciprofloxacin da danginsa na iya tsinka agara, musamman ga wanda ya haura shekara 60. Maganin nan ne da yawa ke saya a kemis don taifot ba tare da ganin likita ba.

• Tiyata sai atisaye ya gaza, galibi bayan wata 6.

'Yan ƙwallo da masu gudun safe, ku nemi ƙwararren likitan gashin ƙashi tun da wuri, ku riƙe atisayen da haƙuri. Wanda kuma ya ji kamar an shure shi ta baya ya kasa takawa, wataƙila agarar ce ta tsinke, ya garzaya asibiti a ranar.