UWARGIDA ERIYA DA AMARYA DISH: KO ZA SU IYA ZAMA ƊAKI ƊAYA?

 Yau ba zancen girki ko haɗin turare na zo muku da shi ba. Zancen wani kishi ne da ake tafkawa a gidajenmu, wanda ba tsakanin mutane yake ba, amma sau da yawa shi ke haɗa uba da 'ya'yansa, ko miji da matarsa, zaman doya da manja.

Duk wadda ta ɗaga kai a unguwarmu ta Badariya, ko Gesse, ko Rafin Atiku, za ta ga kwandon dish a kafe jikin katanga yana ƙyalli, a gefensa kuma ga wani dogon ƙarfe da tsohuwar eriya a kansa, ta karkace, wayarta tana reto babu mai kula da ita. Wato dai an yi amarya, an juya wa uwargida baya. Abin tambaya shi ne, dole ne sai an saki ɗaya kafin a zauna da ɗaya? Amsa ita ce a'a. Talabijin guda yana iya ɗaukar su duka biyu, kuma haɗa su bai fi ƙarfin 'yar aji uku ba.

KOWACCE DA RANARTA

Uwargida dai ta daɗe a gidan. Tun 1959 aka buɗe tashar talabijin ta farko a Ibadan, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, sannan aka kafa NTA a 1977. Da eriya iyayenmu suka kalli Samanja da Idon Matambayi, tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a ba mu tamu Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, 1991. Ita eriya daga turken tashar da ke kusa da ke take kamo hoto, shi ya sa ake juya ta ta fuskanci inda tashar take. Ba ta cin ko kwabo, amma ba ta jin kiran nesa.

Amarya kuwa daga sama take ɗauko nata, daga tauraron ɗan'adam da ke can kimanin kilomita 36,000 a sararin samaniya. Bayan dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, sai ƙofa ta buɗe. DStv ta fito a 1995, StarTimes ta shigo Nijeriya a 2010, GOtv a 2011. Sai dai a lura, GOtv da wani sashe na StarTimes da ƙaramar eriyarsu suke aiki ba da kwando ba, amma tunda ta dikoda suke bi, ki lissafa su a ɗakin amarya. Da Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta zo da Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in da Labarina, ai sai gidan da bai taɓa mafarkin dish ba ma ya nemi kwando.

To ina laifin amarya? Babu. Ita ke kawo mana Ka'aba kai tsaye da azumi, ita ke kawo wa'azi da finafinan Hausa da na Indiya da labaran duniya. Amma ku tambaye ta abin da ya faru jiya a Makera ko Ambursa, sai ta yi shiru. Sanarwar ranar komawa makaranta, ranar da za a zo allurar rigakafi, sanarwar rasuwa, hawan Sallah a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Gwandu, tafsirin malaman garinmu, waɗannan a tashoshin gida irin su NTA Birnin Kebbi da talabijin ta jiha aka fi samunsu. Ko bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, tashoshin waje 'yan mintoci suke ba shi, alhali na gida sai su nuna miki tun daga kokawa da dambe har zuwa sa'ad da masunta za su ruga cikin Matan Fada da homa da gora.

YADDA AKA YI A GIDANMU

Mu a gidanmu da damina ta 2020 amarya ta tare. Yayanmu ne ya sayo dish da dikoda, ya zo da mai haɗawa. Mutumin nan yana gama ɗaure kwandonsa sai ya zare wayar eriya daga bayan talabijin ya wurgar bayan kujera, wai ai yanzu an wuce wannan zamanin. Mu kuwa murna ta hana kowa tambaya.

Ba a yi mako biyu ba ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a fadamun jihar nan, har da na danginmu da ke wajen Argungu. Baba ya dawo daga sallar isha'i hankalinsa a tashe, yana son ya ga abin da tashar gida za ta nuna. Ya tarar da mu mun yi dafifi muna kallon wasan Hausa. Ya karɓi rimot ya yi ta dannawa, tasha ta fi ɗari, ga Larabawa ga Indiyawa ga Turawa, amma babu Birnin Kebbi.

"Wa yac cire man eriya?" Ya tambaya, murya a sama.

Kowa ya yi tsit. Inna ce ta yi ƙarfin hali ta ce, "Malam, mai gyara ne ya ce ba su zama tare."

"To in ba su zama tare, a fidda baƙuwar. Ni da gidana in kasa jin labarin garinmu?"

Daren nan aka kashe kallo. Ƙanwata har da kuka, Yaya ya yi fushi don kuɗinsa, Inna ta rasa bayan wanda za ta bi. Kwana uku ana haka, sai Allah ya kawo 'yar Gwaggonmu da ke karatun lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. Ta ji labari, ta yi dariya, ta juya bayan talabijin, ta ɗauko wayar nan da aka yar ta mayar da ita raminta. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga tashar gida tangaram, ta sake danna rimot sai ga dish. Baba ya dube ta ya ce, "Allah shi yi maki albarka, ɗiyata. Ashe boko na da rana." Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

GA YADDA AKE YI

Abin da ta koya mana shi zan koya muku. Da farko ki kashe komai daga jikin bango, sannan ki juya bayan talabijin ɗinku. Za ki ga ramuka iri-iri, kowane da rubutu a gefensa.

Akwai wani zagayayyen rami guda da aka rubuta wa ANT IN ko RF. Wannan ɗakin uwargida ne, nan wayar eriya take shiga. Sai kuma ramuka uku masu launi, rawaya da fari da ja, waɗanda ake kira AV. Rawaya na hoto ne, fari da ja na murya. In talabijin ɗin na bango ne, za ki ga wani siririn rami mai suna HDMI, wanda shi kaɗai yake ɗaukar hoto da murya, kuma ya fi fitar da hoto garau. To ɗayan waɗannan biyun shi ne ɗakin amarya, nan za ki haɗa dikoda. Kin ga ke nan kowacce da ƙofarta, babu dalilin cire wata don wata.

Saura rabon kwana. Ki duba rimot na talabijin, ba na dikoda ba, za ki ga madannin da aka rubuta wa Source ko Input ko TV/AV. In kin danna kika zaɓi TV, kin shiga wajen eriya. In kika zaɓi AV ko HDMI, kin koma dish. In karon farko ne, sai ki shiga Menu ki sa talabijin ya nemo tashoshin eriya da kansa ya adana. In hoton ya fito dishi-dishi, a juya eriyar sannu a hankali har ya washe.

Wata za ta ce, to mu namu irin na da ne mai ƙusumbi, rami guda gare shi. Shi ma da maganinsa. Ki duba bayan dikoda, wasu suna da ramuka biyu, ANT IN da kuma TV OUT ko RF OUT. Sai ki sa wayar eriya a na farko, ki ɗauko wata gajerar waya daga na biyu zuwa talabijin. Dish zai fito a matsayin tasha guda cikin jerin tashoshin, sai dai a zaɓa masa lambar da ba ta ci karo da ta wata tashar gari ba, in ba haka ba hotunan su riƙa hawa kan juna. In dikodar ba ta da waɗannan ramuka, masu sayar da kayan lantarki a kasuwa suna da ɗan akwatin da ke mayar da AV ya shiga ramin eriya, da kuma ɗan makunni mai baki biyu da ake turawa hagu ko dama a sauya tsakaninsu.

Abu guda da zan ja kunnenku a kai: kada a kuskura a sa wayar eriya a ramin da aka rubuta wa LNB IN. Wannan na dish ne kaɗai, domin ta nan dikoda ke tura 'yar wuta, bolt 13 ko 18, zuwa kan kwandon. In aka haɗa ba daidai ba, dikodar na iya lalacewa. Haka kuma in maigida ba ya son a huda bango sau biyu, akwai ɗan ƙarfe mai baki uku da ake kira difleksa, ana sa ɗaya a waje ɗaya a ɗaki, waya guda ta ɗauko duka biyun. Wannan kam aikin mai gyara ne, amma in kin san sunan abin, ba mai raina miki wayo.

GA AMARE KUMA

Ke da ake shirin kai ki, in za a sayo talabijin na kayan ɗaki, kada girman fuska da ƙyalli su ruɗe ki. Ki roƙi Yaya ko Kawu da zai je sayayyar ya duba bayansa: akwai ramin eriya? Akwai HDMI ko da biyu? Sannan a duba kwalin ko an rubuta DVB-T2.

Dalili kuwa shi ne, gwamnati ta ɗauko aikin mayar da tashoshin eriya zuwa tsarin dijital. An ƙaddamar da shi a Jos a 2016, Abuja a ƙarshen wannan shekarar, Kaduna da Ilorin a 2017, Legas da Kano a 2021. Duk inda aka kashe tsohon tsari, talabijin da ba shi da wannan alama ba zai kama komai da eriya ba sai an ƙara masa wani akwati. Akwai ma dikoda da ake kira kombo, mai karɓar wayar dish da ta eriyar dijital a jiki guda. A kuma yi hattara da na hannu da aka kwaso daga Amurka, domin tsarinsu daban ne da namu. Yakan yi aiki da dikoda ta HDMI, amma ya ƙi kama tashar gari.

GIDA BIYU MAGANIN GOBARA

Duk mai dish ta san halin amarya. Da hadari ya haɗu aka fara ruwa mai ƙarfi, sai hoto ya daskare ya ɗauke, sau da yawa daidai inda wasa ya yi daɗi. In kuma irin na biya ne, ranar da kuɗin wata ya ƙare ta ɗaure fuska ke nan sai an sake biya. Uwargida kuwa tana nan, ko da kuɗi ko babu. Wata ya yi nisa, aljihun maigida ya yi sanyi, ba sai an zauna ana kallon bango ba.

Sai dai fa rai ya fi kallo. In ana walƙiya da tsawa, a kashe komai a zare wayoyin daga bango, har da ta eriyar, don dogon ƙarfe a saman gida abokin aradu ne. Kada a kafa ƙarfen eriya kusa da wayar wutar lantarki, kuma kada a tura yaro ƙarami ya hau rufi juya ta, balle in kwano ya jiƙe.

Daga ƙarshe 'yan uwa, waya tana haɗa na'ura ne kawai, haɗa zukata sai da adalci. In lokacin labarai ya yi, ki miƙa wa Baba rimot da hannu biyu tun bai tambaya ba, ki kuma zauna ki saurara, domin wata rana a nan za ki ji sanarwar jarrabawa ko ta tallafin karatu da za ta amfane ki. Lokacin tafsiri na Inna ne. Ku kuma 'yan mata naku yana nan, bayan an yi sallah, an gama aikin gida, an duba littafi. Yarinyar da ta san sunan kowace jaruma a Indiya amma ba ta san ranar da za a koma makaranta ba, ta yi sakin na hannu ta kama na guje. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Don haka yau in kin tashi daga karatun nan, leƙa bayan kujera ko bayan kabad, wataƙila wayar uwargida tana nan kwance cikin ƙura. Ki kakkaɓe ta ki mayar da ita ɗakinta. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya ba 'yan makaranta sa'a, ya sa amare su shiga a sa'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.