Takobi, Naushi da Fatalwa: Yadda Ɗan Karate Ke Kallon Fim

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a hostel ɗin maza, musamman idan an ɗauke wuta kowa ya fito shan iska: wai tsakanin Bruce Lee da Jackie Chan wa zai ci wani, ko kuma da gaske mutum ɗaya zai iya lallasa mutum 10 kamar yadda Donnie Yen ya yi a Ip Man na 2008. (Kuma 'yan karate ne aka lallasa a wurin, abin da ciwo.) Da yake abokaina sun san shekara 6 ke nan ina koyon karate, ni ake jefa wa tambayar kamar alƙalin wasa. Tun da wannan ne zangona na ƙarshe, bari in ajiye amsata a rubuce kafin furojet ya haɗiye ni. Ba zan ce wane ya fi wane ba. Abin da zan bayyana shi ne me idon wanda ya taɓa shan naushi yake nema a fim, da dalilin da ya sa finafinan samurai da na faɗa da na ban tsoro duk a kan abu ɗaya suke tsaye.

Abin nan shi ne tazara. Japanawa na kiran ta maai, wato ratar da ke tsakaninka da abokin karawarka, haɗe da lokacin da za ka ɗauka kafin ka rufe ta. Idan yana taku biyu daga gare ka, lafiya lau kake. Idan ya shigo taku ɗaya, hannunsa ya kai gare ka, naka ma ya kai gare shi. Duk faɗan gaske a kan wannan taku ɗayan ake yin sa. Wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya ga haka da idonsa. 'Yan dambe kan daɗe suna zagaya juna, kowa ya miƙa hannun garkuwa yana auna ɗan'uwansa, hannun da aka naɗe yana baya yana jira. Baƙo zai ce ba abin da ake yi, alhali ana tsakiyar yi ne. Kisan kansa ƙiftawar ido ne.

Ban ga daraktan da ya fahimci wannan kamar Akira Kurosawa ba. A fim ɗinsa Seven Samurai na 1954 akwai wurin da wani gwanin takobi mai suna Kyuzo ya kara da wani mai cika baki. Da sandunan gora suka fara. Suka kai sara kusan tare, mai cika bakin ya ce kunnen doki aka yi, Kyuzo ya ce masa a'a, da takobin gaske ne da ya mutu. Mutumin ya nace sai an sake da ƙarfe. Aka sake. Tsayuwa iri ɗaya, jira iri ɗaya, sara ɗaya tak, ya kife. Babu tsalle, babu juyi a sama, babu ƙarar takubba suna haɗuwa sau hamsin. Seiji Miyaguchi da ya fito a Kyuzo ba ɗan takobi ba ne, amma Yoshio Sugino, malami a tsohuwar makarantar takobi ta Katori Shinto-ryu, shi ya tsara faɗan fim ɗin, shi ya sa idan ka kalli ƙafafun Kyuzo za ka ga nauyin jikinsa a ƙasa yake. A ƙarshen Sanjuro na 1962 ma haka Kurosawa ya yi: Toshiro Mifune da Tatsuya Nakadai suka tsaya dab da juna, shiru kamar ruwa ya cinye su, har kai mai kallo ka manta da numfashi, sannan sara ɗaya ya raba gardama.

Labarin Seven Samurai kansa ba zai yi wa ɗan arewa baƙunta ba, abin takaici. Ƙauye ne na manoma da 'yan fashi 40 suke jira su girbe amfanin gona su zo su kwashe. Manoman ba su da kuɗi, sai suka nemo samurai 7 masu yunwa da za su yi aikin a bakin shinkafa. Abin da ya fi burge ni shi ne shugabansu Kambei bai dogara da jarumta ba. Taswirar ƙauyen ya zana, ya sa aka yi shinge, aka malala ruwa a wani gefe, aka bar ƙofa ɗaya da gangan domin mahara su riƙa shigowa ɗaya ko biyu, manoma su rufe su da mashin gora. Duk wanda aka kashe sai ya soke da'ira ɗaya a takardarsa. Kafin gumurzun ƙarshe kuwa, Kikuchiyo, wato Mifune, ya kafa takubba da yawa a tudu, domin ya san takobi yana dakushewa, yana karyewa.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: samurai 4 ne suka mutu a fim ɗin, kuma dukansu bindiga ce ta kashe su, har da gwani Kyuzo. Wannan ya dace da tarihi. 'Yan Fotugal sun kai bindiga tsibirin Tanegashima a 1543, Japanawa suka koyi ƙera ta da kansu, a yaƙin Nagashino na 1575 kuwa ta taka babbar rawa. Tun kafin nan ma samurai na farko mahaya doki ne masu kwari da baka, daga baya mashi ya mamaye fagen daga. Takobi makamin ko-ta-kwana ne kuma alamar matsayi. Shi ya sa The Last Samurai na 2003, duk da kyawun hotonsa da ƙwarewar Ken Watanabe, yake ba ni haushi. An gina shi a kan tawayen Satsuma na 1877 wanda Saigo Takamori ya jagoranta, aka nuna 'yan tawayen sun ƙi bindiga saboda mutunci. Mutanen Saigo da bindigogi da igwa suka yi yaƙi, sai da harsashi ya yi musu ƙaranci suka fi komawa ga takobi.

Idan kana son ganin bayan fage na wannan mutuncin da ake ta yayatawa, nemi Harakiri na Masaki Kobayashi, 1962. Bayan gidan Tokugawa ya karɓi mulki a 1603 yaƙi ya lafa, aka rushe gidajen sarauta da dama, dubban samurai suka wayi gari ba ubangida, ba albashi. Su ake kira ronin. Ga horo, ga takardar asali, ba aiki. Mu da za mu fita da difloma bana mun ɗan san zafin. A fim ɗin wani matashin ronin ya sayar da ƙarfen takubbansa saboda matarsa da ɗansa ba lafiya, ya sa gora a cikin kube don kada a gane. Ya je wani babban gida yana cewa a ba shi fili ya kashe kansa, da fatan za a tausaya a ba shi ɗan abin sawa a baka. Su kuwa suka tilasta masa ya cika maganarsa da takobin goran nan. Wallahi ban taɓa ganin fim ɗin aljanu da ya tayar mini da tsikar jiki kamar wannan wurin ba.

Wani gyara a taƙaice, tun da ana yawan haɗa su: karate ba na samurai ba ne. Daga tsibirin Okinawa ya fito, sai a 1922 Gichin Funakoshi ya nuna shi a Tokyo. Judo kuwa Jigoro Kano ne ya kafa shi a 1882, shekara 6 bayan an hana samurai yawo da takobi. Kanawa kada ku yi saurin murna, suna ne kawai ya zo ɗaya.

To mu dawo kan finafinan faɗa na zamani. Ma'aunina mai sauƙi ne: ina ganin ƙafafun mutanen biyu a hoto ɗaya? Idan kamara ta ja baya ta nuna su daga kai har ƙafa, aka bar naushi ya tashi ya sauka ba a yanke hoton ba, to masu wasan sun iya. Idan kuwa kamara tana rawa, ana yanka hoto duk rabin daƙiƙa, ga gwiwar hannu, ga ƙeya, ga ƙarar duka, to ana ɓoye wani abu ne. A Taken 3 an yanka hoto fiye da sau 10 don kawai Liam Neeson ya tsallake shinge. Kwatanta da Jackie Chan, wanda tun yana yaro aka horar da shi a makarantar wasan kwaikwayon gargajiya ta Sin a Hong Kong. A Police Story na 1985 kana ganin inda kowa yake tsaye, kana ganin kujerar da zai ɗauka tun kafin ya ɗauka. Yana jin zafi, yana yarfa hannu, yana gudu idan an yi masa yawa. Farashin ma ya biya: wajen ɗaukar Armour of God ya faɗo daga bishiya har ƙoƙon kansa ya fashe. Tony Jaa a Ong-Bak na 2003 da Iko Uwais a The Raid na 2011 a kan wannan layin suke, ɗaya da damben Tailan, ɗaya da silat na Indonesiya. John Wick na 2014 ma bai yi kyau a banza ba, domin Chad Stahelski da ya ba da umarni shi ne ya riƙa tsaya wa Keanu Reeves a wuraren haɗari a The Matrix.

Sai dai ko mafi kyawunsu rawa ce aka tsara. Ku lura da yaran bos: mutum 10 sun kewaye jarumi, amma layi suke bi kamar masu karɓar kati a banki, 9 suna ta rawar ƙafa har a gama da ɗaya. A waje ba mai jiran layi, na bayanka shi zai fara. Batun wuƙa ya fi muni. A fim jarumi yana cafke wuyan hannu ya murɗe, wuƙa ta faɗi. A wajen horo mukan gwada da maka a madadin wuƙa, mai karewa ya sa farar riga. Ban taɓa ganin wanda ya fita da rigarsa fes ba, har masu baƙin bel. Ina faɗar wannan ne saboda masu dawowa daga karatun dare ta hanyoyin da ba fitila, a wannan zamani na ƙwacen waya. Waya dai ana sayen wata.

Saura finafinan ban tsoro, waɗanda muke ce wa horo, ko da yake ni horon da na sani shi ne na ƙarfe 6 na safe. Abokaina suna mamakin yadda ɗan karate yake tsorata da fim. Dalilin ai shi ne tazarar nan. Duk abin da na koya ya ginu ne a kan cewa abokin gaba yana da jiki, yana da nauyi, kafaɗarsa tana motsi kafin hannunsa. Fatalwa ta rushe wannan lissafin. A Ringu na Hideo Nakata, 1998, Sadako tana fitowa daga rijiya a cikin talabijin, tana tahowa a hankali, kai kuma kana ganin ai gilashi ya raba ku, sai ga ta ta ratso shi ta sauko tsakar ɗaki. Tafiyarta ma ba ta mutane ba ce: da baya mai wasan ta yi tafiyar, aka juya hoton, shi ya sa ido ba ya iya karanta inda gaɓoɓinta za su nufa. Finafinan da ke buga ƙara kwatsam don ka zabura ba su kai nan ba. Wannan ko ƙaninka ya laɓe a bayan ƙofa zai iya.

Farar riga da dogon gashin Sadako ba Nakata ne ya ƙirƙiro su ba. Fari shi ne tufafin da ake sa wa mamaci a Japan, siffar kuma ta daɗe a dandalin kabuki. A wasan Yotsuya Kaidan na 1825, Oiwa matar wani ronin ce da aka ba guba fuskarta ta lalace domin mijin ya auri 'yar masu kuɗi, ta dawo ta hana shi sakat. Okiku kuwa baiwa ce a gidan samurai, aka ɗora mata laifin ɓatan faranti ɗaya cikin 10, aka jefa ta rijiya, kullum dare sai a ji ta tana ƙirga faranti har 9. Rijiyar Sadako ke nan. Wato fatalwar Japan sau da yawa mace ce da mai takobi ya zalunta, ta dawo ta inda takobinsa ba shi da amfani. A Onibaba na Kaneto Shindo, 1964, ba su ma jira mutuwa ba: mata biyu ne da yaƙi ya bari cikin yunwa, suna laɓewa a dogayen ciyayi suna kashe samurai da suka ɓata hanya, su jefa gawar a rami, su kai sulken wajen ɗan kasuwa ya ba su hatsi.